Gambarar Zamani da Haƙƙin Wanda Aka Zalunta

Duk wanda ya ratsa Zongo ta Yamai bayan sallar isha'i, ya bi lungunan da ke tsakanin tsoffin gidaje da shagunan ƴan tireda, zai ji muryoyi biyu suna gogayya a iska ɗaya. Daga lasifikar masallaci malami na karatu, yana jan kunnen masu tauye mudu da masu cin dukiyar marayu da shugabannin da suka manta za a tsayar da su gaban Allah. A bakin wata ƙofa kuma samari sun kewaye butar shayi a kan gawayi, ana jiran na biyu ya nuna, wayar ɗaya daga cikinsu tana jingine da kwalin sukari tana zubo waƙar rap, wadda wasu ke kira gambarar zamani: Hausa da Zabarmanci da Faransanci a cakuɗe, baiti na korar baiti. In mutum ya tsaya ya kasa kunne da kyau, zai tarar abin da yaron cikin wayar yake faɗa bai yi nisa da abin da malam yake faɗa ba. Shi ma kukansa cin hanci ne, da takardar makarantar da ba ta samar da aiki sai ga mai uwa a gindin murhu, da yarinyar da aka cire daga aji aka kai ɗakin sa'an babanta. Amma hukuncin da unguwa ta yanke wa muryoyin biyu ya sha bamban: ta farko ibada, ta biyu iskanci. Wannan hukunci ne ya kamata a sake dubawa, kuma da ma'aunin addinin kansa, tunda da sunansa aka yanke shi.

Ba haka kawai samarin Yamai suka wayi gari suna kwaikwayon baƙaƙen fatar Amurka ba. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta kan ɗalibai a gadar Kennedy, uku suka rasu, kuma jinin nan na cikin abin da ya kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991, wanda ya kwance bakin jama'a bayan dogon mulkin soja. Gidajen rediyo masu zaman kansu suka biyo baya. Sai dai ƴancin magana ya iso tare da babu: gwamnati ta daina kwashe masu takardun karatu aiki kamar da, albashin ma'aikata ya riƙa maƙalewa wata da watanni, aka yi shekarun da aka soke karatun makarantu ɗungurum, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Samarin da aka yi wa alkawarin ofis suka tsinci kansu a kan benci. A waɗannan shekarun ne fada ta bazu a unguwannin birane, wato dandalin hirar samari mai suna da shugaba da asusun sayen sukari, wadda Adeline Masquelier ta rubuta littafi sukutum a kanta a 2019. Daga irin wannan zama ne ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney da Wass-Wong da Kaidan Gaskiya da Black Daps suka fito. Faifan Lakal Kaney mai suna La voix du Ténéré ya fita a 2000, daga baya kuma mata irin su Zara Moussa, wadda aka fi sani da ZM, da Safiath suka karɓi makirfo suka shigo da zancen auren dole da dukan mata. Dalilin da ya sa wannan salo ya karɓu a fili yake. Ba ya buƙatar mutum ya gaji kalangu ko gurmi daga ubansa, ba ya buƙatar ubangida, kuma yana ɗaukar magana mai yawa cikin mintuna huɗu. Ga wanda cikinsa ya cika da magana, aljihunsa kuma babu ko dala, da wuya a samo abin da ya fi wannan dacewa da shi, a ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba.

Mafi yawan gardamar da ake yi kan wannan waƙa ta tsaya a kan kiɗa, halal ne ko haram, kuma za a zo nan. Amma akwai tambayar da ta riga ta, wadda ba a cika yi ba: wa addini ya ba izinin ya fito bainar jama'a ya ce an cuce shi, har ya nuna wanda ya cuce shi? Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta kafa ƙa'ida cewa Allah ba ya son a fito fili da mummunar magana, sannan ta cire mutum ɗaya daga wannan hani, wanda aka zalunta. Ba ta gindaya masa sharaɗin ya sauke Alƙur'ani ba, ba ta nemi furfura ko rawani ba. Zaluncin da ya same shi ne ya ba shi baki. Haka ƙarshen Suratush Shu'ara'i, ayoyin da aka fi jifan mawaƙa da su. Ana karanta farkonsu, inda aka zargi mawaƙa da ɗimuwa a kowane kwari da faɗin abin da ba sa aikatawa, sai a rufe littafi kafin a kai aya ta 227, wadda ta keɓe masu imani da aiki na gari da yawan ambaton Allah, waɗanda suka rama bayan an zalunce su. A cikin surar da aka fi kafa hujja da ita wajen sukar waƙa, a nan aka tsame waƙar ramuwar wanda aka cuta daga zargi. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya bi wannan hanya a Riyadus Salihin, littafin da ake karantawa a zaurukan Zongo kamar yadda ake karanta shi a Kano da Damagaram. Ya lissafa dalilai shida da ke halatta a ambaci mutum da abin da yake ƙi. Na farko kai kuka kan zalunci, wanda ya ɗaure shi da kai kukan ga mai ikon share hawaye. Amma a cikin shidan akwai mai bayyana ɓarnarsa a fili, kuma a misalan da ya kawo har da masu ƙwace dukiyar mutane da masu karɓar haraji bisa zalunci. Irin waɗannan, a wurinsa, ya halatta a ambace su da abin da suke yi a bainar jama'a, sauran aibobinsu na ɓoye kuma su ci gaba da zama haramun a bakin kowa. Duk abin da za a faɗa a nan gaba a kan wannan izini da wannan iyaka yake tsaye.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan ba ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, a ƙasar da yau take cikin Nijar, bai tsaya ga rubuta wa malamai Larabci ba. Ya yi waƙoƙi da Fulatanci don makiyayi da matar da ke daka su ji, ƴarsa Nana Asma'u kuma ta mayar da wasu Hausa, ta yi nata, ta sa jaji-jaji, wato matan da ta koyar, suna kai su ƙauyuka a ka. A Kitabul Farƙi ya jera laifuffukan sarakunan Hausa ɗaya bayan ɗaya: jangali, kuɗin gari, gaisuwar da talaka ke kaiwa kafin a saurare shi, abin da ake ɗiba a kasuwa ba da yardar mai shi ba. Gaskiya ne a littafin nan ya soki shagala da kaɗe-kaɗe, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba, sai dai a lura a cikin jerin halayen masu mulki ya kawo shi. Bayan ƙarni ɗaya da rabi Sa'adu Zungur, malami ɗan malamai wanda ya rasu a 1958, ya ɗauki waƙa ya fuskanci sarakunan Arewa da ita, mawaƙan jam'iyyar NEPU suka bi sahu. A ɗaya gefen kuma akwai tsohuwar sana'ar roƙo, inda makaɗi ke cin abinci da kirarin mai sarauta da zambon abokin gabarsa, da ƴan gambara na kasuwa waɗanda ake ba kuɗi don su yi shiru fiye da yadda ake ba su don su yi magana. Saboda haka Bahaushe ya gaji layi biyu: waƙar da ke faɗa wa mai iko gaskiya ba a biya ta ba, da waƙar da ke faɗin abin da aka biya ta ta faɗa. Tambayar da ta dace a yi wa yaron cikin wayar ita ce a wane layi yake, kuma girman wandonsa ba zai amsa ta ba.

Abin da irin wannan murya ke iya yi idan sauran muryoyi suka ɗauke ya fi fitowa fili a Kolombiya. A Oktoban 2002, farkon mulkin Álvaro Uribe, sojoji da ƴan sanda suka mamaye unguwar Comuna 13 a birnin Medellín a farmakin da aka kira Orión, don korar ƴan tawaye, kuma ƴan bindiga masu mara wa gwamnati baya suka mallake unguwar a bayansu. Mutane suka riƙa ɓata. Iyaye mata suka yi shekaru suna nuna wani tudun juji da ake kira La Escombrera suna cewa ƴaƴansu na ƙarƙashinsa, manya na ɗaukar maganarsu sambatu. Cikin waɗanda suka hana zancen mutuwa har da samarin unguwar masu rap da zanen bango. Sun biya farashi: an kashe Héctor Pacheco, wanda aka fi sani da Kolacho, a 2009, aka kashe Elider Varela, El Duke, a 2012, kuma da sunan na farkon aka kafa gidan koyar da yara waƙa da zane a unguwar. A Disambar 2024 masu binciken kotun musamman ta zaman lafiya suka tono ƙasusuwan mutane a jujin nan. Shekara ashirin da biyu kenan tsakanin laifi da tabbaci, kuma a tsawon wannan lokaci shaidar ta zauna ne a bakin tsofaffin mata da baitocin yaran da ba wanda zai gayyata ɗaurin aure. Kolombiya ƙasar Kiristoci ce, tarihinta daban da namu, amma darasin fiƙihu ne tsantsa: ɓoye shaida laifi ne, kuma shaida ba ta zama ƙarya don wanda ya riƙe ta ba shi da daraja a idon mutane.

Mai ja zai ce duk wannan an ji, amma kiɗa haramun ne, kuma ba a neman lada da saɓo. Wannan magana tana da tushe, ba a kuma yi mata adalci in aka ce ƙauyanci ce. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu, har da Malikiyya da ake bi a Nijar, sun hana mafi yawan kayan kiɗa, suna dogaro da hadisin da Buhari ya kawo kan masu halatta su. Sai dai saɓani ne tsoho. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, bai yarda hadisan hanin sun inganta ba, Imamu Gazali kuma ya ware babi guda a Ihya'u kan sauraro, inda ya rataya hukuncin sauti ga abin da yake motsawa a zuciya da halin da ake jinsa, duk da ya cire wasu kayan kiɗan. To a ɗauka ma mai hanin ne ke da gaskiya. Iyakar abin da hujjarsa ta kai shi ne a ce wa yaro ya cire gangar, ya faɗi baitocinsa haka nan, abin da masu rap ke yi kullum a fada ba tare da ko tafi ba. Ba ta kai ga cewa abin da ya faɗa kan jami'in da ya cinye kuɗin rijiya ya zama ƙarya ba, ba ta kuma sauke wa mai ji nauyin ya bincika ba. Wanda ya watsar da maganar saboda gangar kamar mai mayar da wasiƙar rasuwa ne don bai ga dama da rigar ɗan aike ba. Akwai kuma abin lura game da yadda ake zaɓen inda za a tuna da haramcin. A Kano a 2009 wata kotu ta haramta waƙoƙi 11, cikinsu har da Girgiza Kai ta Ziriums da Hasbunallahu, wadda a kanta aka tsare Aminu Ala, alhali waƙar addu'a ce ta kai ƙarar azzalumai wurin Allah. A daidai lokacin, waƙoƙin yabon masu mulki da kiɗa iri ɗaya suna tashi a gidajen rediyo da tarukan siyasa. In da ganga ce damuwar, da ba ta san wanda ake yabo da wanda ake suka ba.

Jayayyar da ta fi wannan nauyi ita ce ta masu cewa nasiha ga shugaba a asirce ake yin ta. Suna kawo hadisin Iyad bin Ganam da ke umartar mai nasiha ya kama hannun mai mulki ya keɓe da shi, suna ƙarawa da cewa zagin shugabanni a fili yana zubar da kwarjininsu, daga nan sai fitina, fitina kuma ta fi zalunci muni. A ƙasar da ke da iyaka da Mali da Libiya da arewa maso gabashin Najeriya, wanda ya raina tsoron fitina bai san abin da yake faɗa ba. A kan wannan kuma al'ada ta ɗora nata: yaro ba ya ɗaga murya gaban babba, kunya ado ce. Amma hadisin keɓewa yana magana ne da wanda ke iya kaiwa ga hannun shugaba. Saurayin Zongo da ko mai gadin ma'aikata ba zai bar shi ya wuce ƙofa ba, in aka ce masa nasiharsa sai a asirce, an ce masa ya yi shiru har abada ne da lafazi mai daɗi. Sannan a duba yadda hadisin nan na gyara mummuna da hannu ko harshe ko zuciya ya iso gare mu a Sahihu Muslim. Wani mai mulki, Marwan bin Hakam, ne ya gabatar da huɗuba kafin sallar idi, wani mutum, wanda ruwayar ba ta ma damu da ambaton sunansa ba, ya miƙe a cikin taro ya ƙalubalance shi. Abu Sa'id al-Khudri, sahabi, yana wurin. Bai tsawata wa mutumin kan rashin ladabi ba, ya shaida cewa ya sauke nauyin da ke kansa, sannan ya kawo hadisin. Laifin da aka yi a gaban jama'a, a gaban jama'a aka gyara shi, kuma da bakin wanda ba kowa ba.

Tarihin Yamai ma yana da abin cewa kan wace magana ce ke haifar da fitina. A 2005, lokacin Tandja Mamadou, dokar kasafin kuɗi ta ɗora harajin kashi 19 cikin 100 kan kayan masarufi irin su fulawa da madara da sukari da ruwa da wuta, a shekarar da yunwa ke cin karkara. Ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa ya fito da dubban mutane titi a watan Maris, aka rufe kasuwanni, aka kama shugabanninsa irin su Nouhou Arzika da Moussa Tchangari, a watan Afrilu gwamnati ta ja da baya. Maganar fili ce ta sauke wa talaka wannan kaya, ƙasar kuma ba ta rushe ba. Ranakun da wuta ta ci gari da gaske, kamar tarzomar Nuwambar 2000 kan bikin nunin tufafi na FIMA a Yamai da Maraɗi, ko ta Janairun 2015 da aka ƙona gomman coci-coci aka rasa rayuka a Damagaram da Yamai, abin da malamai da yawa suka yi tir da shi, ba daga dandalin rap suka tashi ba. A Senegal, mawaƙan Keur Gui da ƴan jarida suka kafa ƙungiyar Y'en a marre a 2011, babban aikinsu kuwa tura samari yankan katin zaɓe, har Shugaba Abdoulaye Wade ya faɗi a akwati a 2012 ya kuma amince. Ba a ce kullum lafiya ake rabuwa ba: a Wagadugu, inda Smockey da Sams'K Le Jah suka jagoranci ƙungiyar Balai Citoyen, an ƙona majalisa a Oktoban 2014 kuma an mutu kafin Shugaba Blaise Compaoré ya gudu. Amma mutumin da ya shekara 27 a kan mulki yana neman ƙari, da wuya a ce mawaƙa ne suka ƙirƙiro fushin da ya kore shi. Saurayin da ya zuba ɓacin ransa a baiti ya zaɓi harshe ya bar hannu, kuma a yankin da masu bindiga ke zawarcin irinsa da kuɗi da babur, wannan zaɓi ba ƙaramin abu ba ne.

Zancen cewa kwaikwayon Turawa ne bai cancanci dogon tsayawa ba. Lasifikar masallaci da shayin fada da atamfar amarya duk daga waje suka zo. Abin da ake tambaya shi ne me aka zuba a ciki. Haka zancen cewa wasunsu na shaye-shaye ko sallarsu na da giɓi: wannan tsakaninsu ne da Ubangijinsu, kuma ya isa a yi musu wa'azi a kai, amma fasiƙi ma ana zaluntarsa, kuma umarnin Alƙur'ani game da labarin da ya kawo shi ne a bincika.

Sai dai izinin da nake kare wa waɗannan samari ya fi kowace hukumar tace waƙa tsanani a kansu, kuma a nan ne nake rabuwa da masu yi musu tafi ido rufe. Ayar ta ba wanda aka zalunta baki, ba ta ba duk mai jin haushi ba. Sharaɗin farko gaskiya: baitin da ya ce wane ɓarawo ne alhali mai shi bai sani ba, ji ya yi a fada, ƙazafi ne ko da an rera shi da gwaninta, daɗin amon ma yana ƙara masa nauyi don zai yi nisa. Na biyu iyakar da Nawawi ya ja: a ambaci minista da kwangilar da ya cinye, a bar matarsa da asalinsa da ƙabilarsa. Zagin uwa da gorin dangi da wasu ke yi wa juna don neman suna ba su da rabo a wannan izini ko kaɗan, haka waƙar da ke kukan talauci a baiti ɗaya tana wulaƙanta mace a na gaba. Na uku, wanda ya fi kashe wannan waƙa a Nijar a ganina, shi ne ciniki. Tun farkon shekarun 2000 ƙungiyoyin agaji suka gano cewa ta bakin masu rap ake isa ga samari. A 2004 asusun UNICEF ya ɗauki nauyin dandalin rap a Yamai, aka riƙa ba da kwangilar waƙa kan sida da allurar rigakafi da karatun ƴaƴa mata. Saƙonnin ba su da laifi, mawaƙi kuma dole ya ci abinci a ƙasar da ba a sayen faifai, ana tura waƙa ne daga waya zuwa waya kyauta. Amma wanda ya saba rubuta abin da mai biya ya zaɓa masa ya fara koyon wata sana'a, kuma ranar da ɗan takara ya zo da jakarsa lokacin zaɓe, hannun ya riga ya saba. Daga nan an koma layin roƙo, sai dai an canja kaya. Shi maroƙin gargajiya aƙalla bai taɓa cewa shi muryar talakawa ba ne.

Wannan sharaɗi na uku ne yanayin yau ya fi matsawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin da ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba, wanda ya yanke wuta ya tsadar da magani da abinci, jama'ar Yamai sun ji a jikinsu cewa an zalunce su, mawaƙa kuma suka hau dandali a tarukan neman ficewar sojojin Faransa, waɗanda suka kammala fita a Disambar shekarar. Wannan kuka ne na wanda aka cuta, yana cikin izinin babu tantama. Amma sukar wanda ya riga ya tattara kayansa, a gaban taron da ke tafi da hukumar da ke murmushi, ba ta da tsada. Hadisin da ya kira kalmar gaskiya mafificin jihadi ya ɗaure ta da wurin da ake faɗinta, gaban mai ikon da ke iya cutar da mai faɗin. An kama Moussa Tchangari a Disambar 2024, mutumin da gwamnatin Tandja ta tsare a 2005, ta Issoufou Mahamadou ta tsare a 2018 kan zanga-zangar dokar haraji, sannan a Maris 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa. Kowa na iya samun ra'ayinsa kan waɗannan matakai, kuma akwai masu kare su da hujjar yaƙin da ƙasar ke ciki. Abin da ba ya canjawa shi ne ayar Nisa'i ba ta ce sai azzalumin ya kasance baƙo ba, Nawawi kuma bai ware mai karɓar haraji ɗan gida ba. Mawaƙin da ya yi waƙar Faransa da ECOWAS yana da sauran baitoci a kansa: kuɗin buhun shinkafa, waɗanda ke tsare ba a kai su gaban alƙali ba, ƙauyukan Tilaberi da suka watse, da yaran da makarantunsu ke rufe saboda rashin tsaro. Malamin da ke riƙe da lasifikar masallaci, wanda ya fi shi ilimi da kariya da kunnen manya, bashin da ke kansa a waɗannan batutuwa ya fi na yaron yawa.